Littattafan Girke-Girke a Kantunan Gwanjo na Amurka

A Amurka akwai kantunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, irin su Goodwill wadda Edgar Helms ya kafa a Boston a 1902. Jama'a kan kai tsofaffin kaya kyauta, a sayar da araha. A nan ne masu tara kayan tarihi suke farautar littattafan girke-girke.

Galibinsu bugun farko suke nema, alal misali na Joy of Cooking, wanda Irma Rombauer ta buga da kuɗinta a 1931, kwafi 3,000 kacal. Amma ga manazarcin harshe da al'ada, riba ta fi yawa a ƙananan littattafan da matan coci da na unguwa suke haɗawa don tara kuɗin taimako, al'adar da ta faro tun yaƙin basasar ƙasar, wajen 1864. Ɗakunan karatu ba su cika ajiye irinsu ba, alhali a cikinsu ake samun sunayen abincin baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, da ma'aunai na gargajiya, da gyaran da uwargida ta yi da alƙalami a gefen shafi. Wannan rubutu da tabon mai su ne ke karya farashin littafi a wajen dillali. In kuwa ya daɗe a kanta ba mai saye, sai a kwashe shi zuwa masana'antar sarrafa tsohuwar takarda.