Littafi Mai Sunan Yaronka A Ciki

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka saboda aikin gona da tsabtar ruwa, mukan leƙa rabin aji in mun sami sarari, gama aikin malanta muka fara koya kafin mu shiga wannan. Abin da muke tararwa kusan iri ɗaya ne. Yara 'yan shekara huɗu zuwa shida suna zaune a tabarma, malama tana nuna allo da sanda, su kuwa suna rera A B C da ƙarfi har a ji su a bakin rafi. Amma in ka ware yaro guda ka nuna masa harafi ɗaya daga tsakiya, sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. Littattafai kuwa, in akwai su, yawanci an aiko da su ne daga ƙasashen waje. A wani aji mun ga yarinya riƙe da littafi mai hoton yara suna wasa cikin dusar ƙanƙara. Muka tambaye ta mene ne wannan farin abu, ta ce garin rogo ne ya zube. Ba ta yi laifi ba, abin da ta sani ta faɗi.

Akwai kalma guda wadda yawancin yara suke fara ganewa a rubuce kafin kowace, watau sunansu. Yaro yana jin sunansa tun yana goye. Da shi ake kiransa cin tuwo, da shi ake tsawata masa. Ran da aka nuna masa cewa waɗannan 'yan zane-zane huɗu ko biyar su ne sunansa, ran nan ne zai fara gane cewa rubutu magana ce da aka ajiye a takarda. Wannan ganewa ita ce tushen karatu. Yaron da bai same ta ba yana iya kaiwa aji uku yana rera baƙaƙe kamar waƙa, daga bisani a ce ba shi da kai, a mai da shi kiwon awaki. Shi ya sa muke so iyaye su san dabarar yi wa yaro littafinsa na kansa, wanda sunansa da gidansu da akuyarsu suke ciki.

Dabarar ba tamu ba ce, ba kuwa sabuwa ba ce. A ƙasar Niyu Zilan an yi wata malama mai suna Silbiya Ashton-Warner wadda ta koyar da 'ya'yan kabilar Mawori a makarantun ƙauye. Ta ga littattafan Turawa ba sa shiga kan yaran, gama ba rayuwarsu ce a ciki ba. Sai ta riƙa tambayar kowane yaro da safe wace kalma yake so. Abin da ya faɗi, ko uwa ne, ko fatalwa, ko mota, sai ta rubuta a kati ta ba shi ya zama nasa. Kashegari yaro ya zo ya tsamo katinsa daga cikin tari. Kalmar da ya manta sai a yar, domin ba ta kama zuciyarsa ba. Daga waɗannan kalmomi yaran suka soma haɗa labaransu. Ta bayyana wannan hanya cikin littafinta da ya fito a 1963.

'Yan kasuwa ma sun gane amfanin abin. Tun cikin shekarun 1970 wasu kamfanoni a Amurka suka fara karɓar sunan yaro da na garinsu da na abokansa ta gidan waya, su sa kwamfuta ta buga su cikin labari. Wani kamfani a birnin Landan, wanda daga baya ya ɗauki sunan Wonderbly, ya fitar da irin nasa a 2013, ya kuwa sayar da miliyoyi. A Ingila kuma wata mai bincike, Nataliya Kucirkova, da abokan aikinta sun buga sakamakon wani ɗan gwaji a 2014. Sun karanta wa ƙananan yara littafi wanda wasu shafuffukansa suna magana a kan yaron kansa, wasu kuwa ba haka ba. Suka tarar yaran sun fi riƙe sababbin kalmomin da ke shafuffukan da suka shafe su.

Littafin kamfani yana da kyaun gani, amma yana da tsada. Ban da haka, sau da yawa suna kaɗai aka sauya, labarin na wani ne. In an sa sunan Bala a labarin yaro mai wasa da dusar ƙanƙara, Bala bai ƙaru da kome ba. A ganinmu wanda aka ɗinka a gida ya fi shi aiki.

Ga yadda ake yi. A sami farar takarda guda biyu irin ta ofis, a ɗora ɗaya bisa ɗaya, a ninka biyu. An sami shafi takwas ke nan, ya isa a karon fari. A yanko bango daga kwalin sabulu ko na madara, a ɗinke tsakiya da allura da zare mai ƙarfi. Kada a sa ƙusar haɗa takarda, tana tsatsa da damina, tana kuma soke yatsa.

Sa'an nan a zauna da yaron a tambaye shi abin da ya yi yau. A nan ne manya suka fi yin kuskure, gama suna so su gyara masa magana ko su cusa wa'azin ladabi a ciki. A bar shi ya faɗi nasa. A ce sunan yarinyar Ladi. Shafi na fari sai a rubuta, Ga Ladi. Na biyu, Ga akuyar Ladi. Na uku, Ladi ta ba akuya dusa. Na huɗu, Akuya ta ci zanen Mama. Jimla ɗaya a kowane shafi, kalmomi kada su wuce biyar ko shida, a kuma riƙa maimaita kalma ɗaya daga shafi zuwa shafi. A yi rubutun da girma, baƙaƙe a rarrabe, ba irin rubutun wasiƙa mai sarƙewa ba. Harafin farko na suna kaɗai da na farkon jimla za a yi da babban baƙi. A lura da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ tun daga yanzu, domin idon yaro ya saba da su. Hoto kuwa a bar wa yarinyar ta zana da kanta a saman shafi. Ko akuyar ta fito da ƙafa shida, tata ce, za ta gane ta.

Wane suna za a rubuta? Wanda ake kiransa da shi a tsakar gida, ba na rajistar makaranta ba in sun bambanta. Haka kuma harshe. A wurarenmu da yawa Hausa harshen kasuwa ne, a gida ana yin wani dabam. In akwai mai iya rubuta harshen gida, a fara da shi, gama yaro ba ya iya karanta maganar da bai ji ba.

Iyayen da ba su yi makaranta ba kada su ce wannan ba nasu ba ne. Wa ko ya da ke aji biyar ko shida ya isa ya yi rubutun. Uwa za ta iya ɗinki, ta kuma zauna yarinya ta karanta mata da yamma kafin duhu. Minti goma a rana ya fi awa biyu ran Asabar.

Akwai tarko guda da ya kamata mu faɗi. Bayan kwana uku Ladi za ta haddace littafin duka, ta riƙa faɗinsa ido rufe, kakarta ta yi guɗa ta ce jikarta ta iya karatu. Ba ta iya ba tukuna. Haddar ba laifi ba ce, mataki ne, amma kada a tsaya a nan. A sa ta aza yatsa a ƙarƙashin kowace kalma yayin da take faɗinta. A rufe hoton da tafin hannu a ga ko za ta gane shafin. A rubuta kalmomin a guntayen kwali, a barbaza su a tabarma, a ce ta nemo akuya, ta nemo dusa. In ta saba da haka sai a yanka katin sunanta biyu, la da di. Rubutun Hausa yana bin yadda ake furta magana kusan sak, saboda haka wannan wasa yana tafiya da sauri. A juya guntayen biyu, di a gaba, la a baya, ta ga Ladi ta zama dila. Mun ga yara sun yi dariya har da faɗuwa a kan irin wannan, kashegari kuwa suka zo suna neman a yanka musu nasu. Mai suna Talatu za ta sami tuta cikin sunanta.

Abubuwa biyu kada su shiga littafin. Kada a rubuta abin da zai kunyata yaro, kamar fitsarin kwance ko satar nama, gama littafin zai zaga hannun sa'o'insa. Kada kuma a kawo bulala kusa da shi. In ya gaji a rufe, gobe ma rana ce.

Malamar da ke da yara hamsin ba za ta iya zama da kowane ɗaya ba, mun sani. Za ta iya ɗaukar yara biyar kowane mako, manyan ɗalibai su taimaka da rubutu. Cikin mako goma kowa ya sami nasa. Daga nan sai a yi musanya, Ladi ta karanta na Bala, Bala ya karanta na Talatu. Wannan musanya muhimmiya ce, domin ba a so yaro ya tsaya ga labarin kansa kaɗai. Daga sunansa ya wuce zuwa na abokinsa, daga nan zuwa tatsuniyar Gizo, daga nan kuma ya iya ɗaukar littafin nan na dusar ƙanƙara ya karanta abin da farin abun yake.

A ajiye littattafan cikin leda, a sa a kwalla ko gwangwani mai murfi, a ɗora bisa wuri mai tsawo saboda gara da ɓera. A bayan bango a rubuta wata da shekarar da aka yi kowane ɗaya.