Ƙawancen Garuruwa da Al'amarin Gubar Dalma a Ƙasar Anka da Bukkuyum

In an yi zancen ƙawance tsakanin garuruwan duniya, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne manyan birane masu benaye, da magadan gari suna sa hannu a takarda. Asalin al'adar kuwa daga wahala ta fito. Cikin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Coventry ta Ingila suka ƙulla zumunci da na Stalingrad ta Rasha, sabili da dukansu biyu sun sha ruwan bama-bamai, kowa ya san ciwon ɗan'uwansa. Daga baya aka faɗaɗa abin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro na farko a kan mazaunin ɗan Adam a Vancouver ta Kanada cikin 1976, watau shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomin Nijeriya garambawul. Cikin 2005 kuma manyan birane suka kafa ƙungiyar C40 don tinkarar canjin yanayi, Legas ma tana cikinta. Garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum ba su da kujera a irin wannan majalisa. Duk da haka, a ƙasarsu ne aka ga wani misali na yadda ilmin da wani gari ya samu da tsada yakan ceci wani gari mai nisa, ba tare da an sa hannu a takardar ƙawance ko ɗaya ba.

Cikin watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wadda aka fi sani da MSF, suna zagayen neman masu sanƙarau, sai suka tarar yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Yaro yakan fara da amai da zazzaɓi, sai jijjiga, sai suma. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai yi amfani ba. Da aka aika da jini ƙasar waje aka auna, sai aka ga dalma ce. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an Nijeriya a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. A wannan shekara an rasa yara fiye da 400.

Dalilin abin ba boyayye ba ne. Bayan rikicin kuɗi na duniya na 2008 farashin zinariya ya yi ta hawa, manoma da yawa suka shiga haƙa. Dutsen da suka ci karo da shi kuwa yana ɗauke da dalma mai yawa ƙwarai. Aka riƙa kawo shi cikin gari, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a daɓe, da kan abinci, da bakin rijiya. Babba yakan jure ta zuwa wani lokaci, amma yaro mai rarrafe, wanda duk abin da ya taɓa sai ya kai baki, jikinsa yana zuƙar dalma fiye da na babba, ƙwaƙwalwarsa kuma ba ta gama ginuwa ba. A wasu gidaje an auna ƙasa an sami dalma fiye da kashi 10 cikin 100, alhali iyakar da hukumar muhalli ta Amurka ta sa a lokacin don wurin wasan yara ita ce kashi 400 cikin miliyan.

Likitoci suna da magani mai kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, an kuwa buɗe ɗakunan jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma fa in an yi wa yaro magani aka mai da shi gidan da ya ɗebo gubar, an yi aikin baban giwa. Dole sai an gyara ƙasar tukuna. Wannan kuwa ba aikin likita ba ne, ilminsa yana wani wuri dabam.

Wurin shi ne Kellogg, wani ɗan ƙaramin garin mahaƙa a jihar Idaho ta Amurka, wanda mutanensa ba su kai dubu uku ba a yau. Akwai wata masana'antar narka dalma a can mai suna Bunker Hill. Cikin 1973 gobara ta lalata matatar hayaƙinta, amma aka ci gaba da aiki, ƙura ta yi ta zuba a kan gidaje da makarantu, har aka sami yaran unguwannin kusa da dalma mai yawan gaske a jininsu cikin 1974. An rufe masana'antar cikin 1981, cikin 1983 kuma gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin jerin gurɓatattun wurare da za a gyara. Shekara da shekaru aka yi ana bin gida gida, ana kankare ƙasar sama, ana zuba sabuwa, ana auna jinin yara don a ga ko abin yana sauka. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics, ƙarƙashin Ian von Lindern da Margrit von Braun, a nan suka goge, su ne kuma aka gayyato Zamfara tare da Cibiyar Blacksmith cikin 2010.

Abin lura shi ne ba su kwafo Idaho yadda take ba. A can da manyan motoci ake kwashe ƙasa, a nan kuwa lungu ba ya ɗaukar mota, sai aka koma ga fartanya da shebur da buhu, aka ɗauki samarin ƙauyen aiki. Ana haska ƙasa da wata 'yar na'urar hannu mai nuna yawan dalma nan take, a kankare inda ya gurɓace, a kai wani rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Tun da yake namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle kai tsaye, sai aka sa mata cikin ma'aikata. Umurnin fitar da daka da niƙan dutse zuwa bayan gari kuwa ta bakin sarakuna da hakimai ya bi, don maganarsu ake ji. Aka gama Dareta da 'Yargalma cikin 2010, kafin watan Maris na 2011 ya fita an gama Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru.

Bagega, wadda ta fi su girma da yawan gurɓata, ita ta sha jira. Ilmin yana nan, ma'aikatan suna nan, kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari ne bai fito ba sai farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam sun matsa lamba. Yaran garin sun yi kusan shekara uku ba a iya fara musu magani ba. Wannan jinkiri abin kunya ne, ba kuwa laifin baƙi ba ne.

Akwai wani sashe na darasin Kellogg wanda ya fi wuyar ɗaukowa. Bayan an gyara gidaje a can, hukumar lafiya ta yankin ta kafa doka cewa duk mai son tona ƙasa, ko gina ɗaki, ko jan bututun ruwa, sai ya karɓi izni, don kada a fasa shimfiɗar mai tsabta a tono gubar da ke ƙarƙashi. Hukumar tana riƙe da bayanin kowane fili, tana kuma auna jinin yara kowace shekara. Wannan aiki ne na yau da kullum, na malamin tsabta da malamin filaye, ba wanda zai zo daga ƙetare ya yi wa gari shi. A ƙasar Anka kuwa da daɓe ake gina gida, kowace rani ana yaɓe, ana haƙa kududdufi, mahaƙi kuma yakan dawo gida da ƙura a rigarsa. Hana haƙar ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta yi a Zamfara cikin Afrilu 2019 bai tsai da haƙa ba, sai dai ya sa ta koma a ɓoye a daidai lokacin da 'yan bindiga suka hana jami'ai shiga ƙauyuka. An janye hanin cikin Disamba 2024. MSF kuwa ta miƙa wa gwamnatin jiha aikin gubar dalma cikin 2022.

Ilmin bai tsaya a Zamfara ba. Da irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, cikin 2015, ta kashe yara 28, da hanyar da aka gwada a Anka da Bukkuyum aka yi amfani, har aka ƙara da koya wa mahaƙa yayyafa wa dutse ruwa lokacin niƙa don ƙura ta kwanta. Watau Anka da ta karɓa ta zama mai bayarwa. Kabwe ta ƙasar Zambiya ma, inda aka rufe ramin dalma tun 1994 amma yara suna fama har yanzu, tana da abin da za ta tambayi Anka, Anka ma tana da abin tambayarta, musamman game da yaran da suka rayu amma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata.

Ƙawancen da ya fi kusa kuma ya fi arha shi ne na maƙwabta. Gulbin Zamfara yana bi ta ƙasar Anka da Bukkuyum kafin ya isa Gummi, abin da aka wanke a sama ƙasa yake gangarawa, ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi cikin Agusta 2024 kuma ta nuna yadda ruwa ba ya kula da iyakar ƙaramar hukuma. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In kuɗin ya iso hannunsu, su ukun nan za su iya haɗa kai su sayi na'urar auna ƙasa, su horar da malaman tsabta, su ajiye taswirar ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa daga 2010 zuwa 2013, don kada wani ya yanka fili a kansu ko ya ɗebi ƙasar gini daga ciki.