Shirin Gasar Ɗaga Ƙarfe Ta Farko: Wata Uku Tare Da Wani Ɗan Dako

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Maraɗi ko Damagaram ko Yamai bayan sallar la'asar ya san wannan ƙara: ƙarfe ya daki ƙasa, sai shewar samari ta biyo baya. In ka leƙa za ka tarar da su a wani kango, sun tuɓe riguna, ga gwangwanayen fenti an cika su da siminti an soke da bututun famfo, ga tsoffin ƙarafan mota an jera, kowa na jiran a zo kansa.

A irin wannan kango ne ɗan ƙanwata ya yi shekara huɗu yana ɗaga ƙarfe. Sana'arsa dako, shekarunsa 23, kuma buhun siminti mai kilo 50 bai ɗauke shi bakin komai ba. Ran nan sai ga uwarsa ta zo mini hankali a tashe, wai yaron ya ba da sunansa zai shiga gasa, ya kuma fara taɓa kuɗin da yake tarawa na aure. Ta ce in je in hana shi. Na tafi da niyyar hanawa, amma sai na ɓuge da zama ɗan kallo har wata uku. Abin da na gani ne na ce bari in kawo muku, domin na san akwai irinsa da yawa cikin ƴaƴanku da ƙannenku.

Wane irin wasa ne?

Wasan da ake magana shi ne wanda masu Ingilishi ke kira fawaliftin, masu Faransanci kuma su ce fors atletik. Daban yake da wanda kuke gani a wasannin Olimfik, inda ake fizgo ƙarfe daga ƙasa a kai shi bisa kai. Shi wannan ɗagawa uku ce. Ta farko tsuguno: a aza maka sanda a kafaɗa, ka tsuguna, ka miƙe. Ta biyu turin kwance: ka kwanta rigingine bisa benci, ka sauko da sanda ƙirjinka, ka tura ta sama. Ta uku cicciɓa: sanda tana ƙasa, ka sunkuya ka ɗago ta har ka miƙe tsaye. Kowace ɗagawa ana ba mutum dama uku, a ɗauki mafi nauyin da alƙalai suka karɓa a kowace, a haɗa jimla. Mai jimla mafi yawa a ajinsa shi ne ya ci.

Ƙungiyar duniya mai kula da wasan, wato IPF, an kafa ta a 1972, kuma dokokinta ne zan bi a nan, ko da yake akwai wasu ƙungiyoyi masu nasu tsari. Yankinmu ma ba baƙo ba ne ga harkar ƙarfi. Maƙwabtanmu ƴan Najeriya sun daɗe suna kwasar zinariya a ɓangaren naƙasassu, inda turin kwance kaɗai ake yi: Lucy Ejike ta ci zinariya a 2004 da 2008 da 2016, Folashade Oluwafemiayo kuma ta tura kilo 167 a birnin Paris a 2024. A Burkina Faso akwai Iron Biby, mutumin Bobo, wanda ya ɗaga gungumen kilo 231 bisa kansa a 2024, sai dai nasa wani reshe ne dabam na wasannin ƙarfi.

Ranar da aka kai ƙarfe sikeli

Sa'ar da yaron ya yi ita ce haɗuwa da wani dattijo, tsohon malamin wasanni na makaranta, wanda ya san dokokin. Abu na farko da Malam ya sa aka yi ya ba kowa dariya. Ya ce a ɗora duk ƙarafan kangon a amalanke a kai su sikelin masu sayen hatsi. Akwai wata sanda da samarin ke kira "ɗari da hamsin", ita ce abin alfaharin wurin, mutum uku kaɗai ke iya tsugunawa da ita. Da aka aza ta a sikeli sai ta ba da kilo 127, kuma gefe guda ya fi ɗayan da kilo 4. Dariya ta ɗauke. Ɗan ƙanwata ya kwana biyu ba ya son magana.

A wurin gasa babu wannan kame-kame. Sanda kilo 20 ce, maƙallai biyu da ke riƙe fayafayan kowane kilo 2 da rabi. Jan faifai kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan sanda ba, to lalle ya nemi inda take ya gwada ko da sau uku ne kafin ranar, domin kaurinta da kaushinta ba irin na bututun famfo ba ne. Shi ya sa Malam ya riƙa kai yaron wani gidan motsa jiki na kuɗi kowace Lahadi, sauran kwanaki kuma a koma ma siminti, amma yanzu kowane gwangwani an rubuta masa nauyinsa na gaskiya da fenti.

Alƙalai uku

Nan ne wahalar take, kuma nan ne na fahimci cewa ƙarfin ɗan dako shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a wannan wasa. Alƙalai uku ke zama, ɗaya a gaba, biyu a gefe. Kowane na da fitila fara da ja. Sai ka sami fara biyu aƙalla kafin a ƙirga maka. Ka ɗaga nauyin duniya, in ja biyu suka kama, kamar ba ka taɓa ƙarfen ba.

A tsuguno, doka ta ce sai maɗaurin cinya, wato inda cinya ta haɗu da ƙugu, ya sauka ƙasa da saman gwiwa. Samarinmu kuwa rabi suke sauka su taso, abokai na tafi. Da Malam ya tsaya a gefe yana duba zurfi, yaron da ke taƙama da 127 ɗin nan sai da ya koma kilo 100. Na ga ranar idonsa ya kawo ruwa. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ashe duk shekarun nan wasa nake yi?" Ban sami abin ce masa ba.

Sai kuma umurnin alƙali. In ka fito da sanda ka tsaya, ba ka tsugunawa sai ya ce "sikwat" ya sauke hannu, in ka miƙe kuma ba ka mayar da ita mazauninta sai ya ce "rak". Mutane da yawa sun gama aikin lafiya lau, murna ta sa suka taka gaba kafin a ba su izini, suka sha ja uku. Turin kwance ya fi tsanani, don umurni uku ne: na farawa, na turawa, na mayarwa. Dole sanda ta tsaya cik a ƙirji har alƙali ya yi magana, babu dukan ƙirji da ita don ta yi tsalle, kuma mazaunai ba sa barin benci, tafin ƙafa ba ya barin ƙasa. Wannan ɗan tsayawar ta daƙiƙa ɗaya ta cinye ma yaron kusan kilo 10. Cicciɓa umurninta guda ne, na saukewa. Amma ba a yarda sanda ta yi ƙasa ko kaɗan bayan ta fara hawa ba, ba a yarda ka aza ta bisa cinya kana ja da ita ba, kuma ba a sakinta ta faɗi. Da hannu biyu za ka raka ta ƙasa.

Saboda haka tun daga mako na biyu Malam ya hana yaron ɗaga komai ba da umurni ba, ko da sanda ce ba faifai. Wani lokaci da gangan yake jinkirta magana don ya ga ko zai yi gaggawa. Har ni aka ba kujera a gefe, da jan ƙyalle da fari a hannu, na zama alƙali na uku. Na ba shi ja ba sau ɗaya ba, ya kuma yi fushi da ni ba sau ɗaya ba.

Nauyin buɗewa

Wata doka da ya kamata kowane sabon shiga ya rubuta a tafin hannunsa ita ce, nauyi ba ya komawa baya. In ka nemi kilo 140 a damarka ta farko ka kasa, a ta biyu ko dai ka sake 140 ko ka ƙara, ba ka da ikon cewa a rage. In kuwa ka kasa duka ukun a ɗagawa guda, ba ka da jimla, ba ka cikin lissafi, ko da kai ne ka fi kowa a sauran biyun. Kuɗin mota da na rajista da wata uku na gumi duk sun tafi.

Abin da masu horarwa suka saba bi shi ne a buɗe da nauyin da mutum zai iya yi sau uku a jere ko a ranar da bai ji daɗin jikinsa ba, wajen kashi 90 cikin ɗari na iyakarsa. Zuwa mako na goma yaron ya kai 140 a tsuguno mai zurfi, 95 a turi, 190 a cicciɓa. Malam ya rubuta masa 125 da 85 da 170. Aka yi ta gardama, shi yana ganin abin kunya ne ya fito gaban jama'a da jan faifai biyu kacal a kowane gefe. A ganina Malam ya fi shi gaskiya, domin girman kai rawanin tsiya ne, kuma dama ta biyu da ta uku suna nan ga mai son nuna kansa. Bayan kowace dama minti ɗaya ake ba ka ka faɗi nauyi na gaba, in an kira sunanka kuma minti ɗaya gare ka ka fara. Wannan ba lokacin tunani ba ne, shi ya sa ake zuwa da lissafin a rubuce.

Ciki da ƙwaya

Ana raba maza aji-aji bisa nauyin jiki: kilo 59, 66, 74, 83, 93, 105, 120 da abin da ya haura. Na mata ya fara daga 47. Yaron kilo 76 gare shi, don haka abokai suka ba shi shawara ya ƙaurace wa ruwa da abinci kwana biyu ya sauka ajin 74. Malam ya ƙi. A tsarin IPF awa biyu kafin a fara ake awo, jikin da aka busar ba zai farfaɗo cikin awa biyu ba, balle a irin zafin ƙasarmu. Ya ce ya shiga ajin 83 da cikinsa a cike. Abinci kuwa babu wani na gwangwani mai tsada: wake, ƙwai, nono, awara, ƙuli-ƙuli, nama in an samu, sai tuwo da fura kamar kullum, da barci isasshe. Barcin ne ma ya fi wuya ga wanda ke fita dako tun asuba.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta tramol. Kowa ya san yadda ƙwayar nan ta shiga cikin masu aikin ƙarfi, kuma a kangon ma akwai masu sha kafin su taɓa ƙarfe. Tana danne zafi ne kawai, ciwon yana nan. Mutum ya ji rauni a baya bai sani ba ya ci gaba da ɗagawa. Tana kama jiki har a kasa bari, tana kuma iya kawo farfaɗiya. Ban da haka, tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, WADA, ta sa ta cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Alluran ƙara tsoka kuwa haramun ne a kowane lokaci, kuma wanda aka kama a gwajin fitsari yana iya shan dakatarwa ta shekara huɗu. Na tambayi yaron ido da ido. Ya ce ya taɓa sha sau biyu a bara, ranar da suka sauke tirela biyu, bai sake ba. Na karɓi maganarsa, amma ban faɗa wa uwarsa ba, sai yanzu da za a karanta mata.

Makon ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cicciɓa mai nauyi ta ƙarshe an yi ta saura kwana 12, tsuguno saura kwana 9, turi saura mako guda. Daga nan sai ɗan motsi marar nauyi don kada jiki ya yi sanyi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne barin dako na kwana biyar, domin ranar da ɗan dako bai fita ba babu ko dala. Ni na cike masa wannan giɓi, da sharaɗin kada ya sake taɓa kuɗin aure.

Daren tafiya muka baje kayan bisa tabarma muna dubawa ɗaya bayan ɗaya, tun da alƙalai ma sai sun duba su. Rigar gasa mai haɗe da wando, aro ce. Ɗamarar fata wani baduku ya ɗinka, Malam ya auna faɗinta da abin awo don kada ta wuce santimita 10. Doguwar safa mai rufe ƙwauri, wadda dole ce a cicciɓa, ta ƴan ƙwallo muka saya. Sai takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, katin shaida, dabino, gorar ruwa, da ƴar takardar nan mai lamba uku, wadda ya naɗe ya sa cikin aljihun gaba.

Uwarsa ta zo da ƙullin dambun nama ta ajiye bisa jakar ba ta ce komai ba. Da asuba na raka su tasha shi da Malam. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Kawu, in na ga jikina da kyau, in buɗe da 130?" Kafin in buɗe baki Malam ya miƙa hannu ya karɓe takardar ya sa a nasa aljihun.