A Kai Yara Su Ga Kiwon Kaji

Yanzu akwai yara da yawa a cikin Gumel waɗanda ba su san ƙwai ba sai a teburin mai shayi. To, magidancin da ya sami sarari, ya kamata ya kama hannun ɗansa su fita ƙauye, ko wajen Gagarawa ko Sule Tankarkar, inda ake kiwon kaji a sake, ba abincin kanti, ba a ɗura musu magani kullum. Abin da yaro zai gani da safiya guda ya fi na wata guda a aji.

Da farko zai ga abinci. Dusar gero ce da ta dawa, da ɗan ƙuli-ƙuli. Sa'an nan ga gara: a cika tukunya da kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kife ta bakin shuri, da safe a zazzage wa 'yan tsaki. Ganyen zogale shi ke sa gwaiduwa ta yi ja. Ƙashi kuwa, in an ƙona an daka, yana ƙara wa ɓawon ƙwai ƙarfi. Tokar da kaji ke birgima a ciki ita ce maganin ƙuma.

Daga nan sai akurki. Kaza takan yi kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Ƙwan zabo yakan kai kwana 26 zuwa 28, kuma da yake zabuwa ba ta iya reno ba, da damina akan sa wa kaza ƙwanta. A nuna wa yaro gwajin ruwa: sabon ƙwai nutsewa yake yi, bara-gurbi kuwa sai ya taso sama.

Amma fa kiwo a sake ba sakaci ba ne. Babban abokin gaba shi ne annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Nukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu. Kaza ta yi zugum, wuyanta ya karkace, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Ba ta da magani sai rigakafi, ana kuwa yin sa a Vom, kusa da Jos. Wanda ya sayo kaza ran Alhamis a kasuwar Maigatari, kada ya haɗa ta da na gida sai ta yi mako biyu a ware. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya cikin 2006, ya zama wajibi a hana yaro taɓa mushen kaza, ya kuma wanke hannu da sabulu in ya fito.

Saura magana guda. Mutanen da sukan ce yaro in ya ci ƙwai zai tashi ɓarawo. Wannan camfi ne kawai. Ƙwai abinci ne mai gina jiki, yaro kuwa shi ya fi kowa bukatarsa. Kada a kwashe duka a kai kasuwa. A dafa masa guda, in da hali a ba shi 'yar kaza tasa ta kansa ya kula da ita. Hausawa dai sun ce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.