Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Wa Ke Biyan Kuɗin Fatsa?

Wata Asabar da hantsi, a bakin madatsar ruwan Shagari, na tarar da mutum biyu zaune kusa da juna. Ɗaya dattijo ne Basarke, masunci, ya maƙale bakin taru a babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ya yage. Ɗayan malamin firamare ne daga wajen Boɗinga, ya jingine babur a gindin bagaruwa, ya jefa fatsa, ga gwangwanin tumatir cike da tana a gefensa. Tun bayan asuba yake wurin, amma karfasa uku kacal ya samu, ba wadda ta cika tafin hannu. Dattijon ya leƙa bokitin ya ce, "Malam, mu kifi ka ciyar da mu, kai kuwa kai ka ciyar da kifi." Malam ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba don miya niz zo ba. Hayaniyar yara ta kwana biyar nika saukewa."

Dattijon da wasa ya faɗa, amma lissafinsa daidai ne. In aka haɗa man da babur ya sha zuwa da komowa, da ƙugiya, da zare, da yinin da ya tafi, karfasar nan uku sun fi na teburin mai kifi tsada. Albashin koyarwa ne ya biya, ba ruwa ba. Duk wanda ka ga yana su don nishaɗi, akwai wata sana'a a bayansa da ke ɗauke da shi.

Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne wani salon kamun kifi na Turawa, wanda za mu iya kira fatsar ƙuda. Ba a sa tana ko fara a ƙugiya. Ana ɗaure mata gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba, har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke cafkewa a saman ruwa. Da yake ƙudan ƙaryar ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi da kauri, mutum ya riƙa kaɗa doguwar sanda gaba da baya kamar mai bulala, sannan ya saki ƙudan ya sauka a hankali. Abin ya daɗe. Wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke yin sa wajen shekara ta 200 Miladiyya. A Ingila an buga littafi a kansa a 1496, sannan a 1653 Izaak Walton ya fitar da nasa littafin kan su don nishaɗi, wanda har yau ake sake bugawa. A Amurka kamfanin Orvis ya fara sayar da kayan wannan harka tun 1856.

Abin da zai fi ɗaure wa Basarke kai shi ne ƙarshen wahalar. Da yawa daga cikin masu fatsar ƙuda in sun kama kifin, sai su cire ƙugiya, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Ke nan ko miyar dare ba a samu ba. Ga kuma tsada: sanda kaɗai tana kamawa daga dala 100 zuwa sama da dala 1,000, ban da abin naɗe igiya, da wandon roba na shiga ruwa, da lasisin da hukuma ke sayarwa. A wasu kogunan kudancin Ingila, irin su Test, bakin ruwan ma yana da masu shi, sai ka biya kuɗin yini kafin ka jefa igiya.

To wa ke iya wannan? Da farko akwai masu kauri a aljihu, likitoci da lauyoyi da manyan 'yan kasuwa, waɗanda kuɗi bai dame su ba amma lokaci ya yi musu ƙaranci, sai su tara hutun shekara su kashe shi a mako guda. Akwai 'yan fansho, masu ɗan kuɗi da yalwar lokaci. Akwai malaman makaranta da ke jiran dogon hutu, da ma'aikatan asibiti masu aikin karɓa-karɓa da ke samun ranakun tsakiyar mako, lokacin da kogi ba kowa. Sai kuma waɗanda abin ya shiga jininsu, suka bar aikin ofis suka koma jihohin Amurka irin su Montana, suna jiran kanti ko tuƙa wa baƙi kwale-kwale, don dai su kwana su tashi kusa da ruwa. Waɗannan sun zaɓi ƙaramin samu da gangan. Kowanne dai abu biyu yake aunawa, kuɗi da lokaci, kuma da wuya sana'a ɗaya ta ba mutum duka biyun.

Kuɗin da suke kashewa ba ya faɗuwa ƙasa banza. A Kenya akwai masana'antun da ma'aikata ke wuni suna ɗaure waɗannan ƙudaje da hannu, ana kai su Turai da Amurka. A Amurka, wata doka ta 1950 ta sa haraji a kan kayan kamun kifi, ana mayar da kuɗin wajen kula da koguna da renon kifi. Kusa da mu ma, a kogin Faro na arewacin Kamaru, baƙi na biyan maƙudan kuɗi su zo neman giwan ruwa da tsage da fatsar ƙuda, su kama su saki. Kifin da muke bandawa mu sayar sau ɗaya, can ana sayar da ganinsa sau da yawa.

A nan gida lamarin ya sha bamban. Boɗinga da Shagari ƙasar noma ce da kiwo, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. An fi sanin Boɗinga da tarihin zaman Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da kuma Sifawa inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Shagari kuwa mahaifar Alhaji Shehu Shagari ce, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wanda shi ma da alli ya fara. Kamun kifi a wannan yanki ba wasa ba ne, gado ne. Sarkawa na da sarkin ruwansu, da kayan aikinsu: homa da gora, birgi, taru, mamari mai ƙugiyoyi jere, da gura. Fatsa a wurinsu abin yara ce.

Amma in ka zauna da su za ka ga su ma yanzu kamun kifi kaɗai ba ya riƙe gida. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke cika fadamu a bakin Gulbin Sakkwato da na Rima ta canza, alhali a fadamun nan ne kifi ke hayayyafa. Masunta da dama sun saba bin kifi zuwa Yawuri da tafkin Kainji, wasu har Tafkin Chadi. Wanda ya zauna gida kuwa dole ya raba ƙafa: da damina gero da dawa, da rani albasa da tattasai a fadama, kamun kifi kuma a tsakanin. Sau da yawa kuɗin albasa ne ke sayen sabon taru, ko kuɗin da ɗa ya aiko daga ci-rani a Legas ko Fatakwal. In babu ko ɗaya, sai a je wurin dillalin kifi ya ba da bashi, da sharaɗin duk abin da aka kamo shi za a sayar wa, a farashin da ya yanka. Wanda ya shiga wannan igiya yakan daɗe bai fita ba. Ashe dai dattijon da ke tsokanar malam, shi ma gona ce ke tallafe da tarunsa.

Inda sha'awa ta fi bayyana a ƙasarmu shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Dubban mutane ke afkawa cikin kogin Matan Fada da homa da gora, na kusan awa guda. Wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi yakan samu mota da kuɗi da kujerar Makka. Sauran fa? Yawancinsu za su komo da jiƙaƙƙen wando ne kawai. Kuɗin mota da na abinci da na gyaran homa duk daga buhun gero ko na albasa suka fito, kuma in an sake buɗe ruwa za su koma. Ban ga bambancinsu da Baturen da ke tsaye cikin kogi mai sanyi ba, sai dai nauyin aljihu.

Haka abin yake ga mai dokin hawan salla da ke sayen harawa da dusa shekara guda don kwana biyu, da mafarauci mai ciyar da karnuka, da matashin da ya cika rufin gida da tattabaru. Tela ne, ko mahauci, ko ɗan kabu-kabu, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ba na cikin masu ganin wannan ɓarna ce. Mutumin da ya yini a bakin ruwa ya komo da sanyin rai ya fi wanda ya yini a majalisa yana cin naman mutane. Inda nake da ja shi ne a taɓa kuɗin cefane ko na maganin yara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tafiyar da malam ke yi duk Asabar ta koma sau ɗaya a wata, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai maido masa da ita ba. Ya rage zuwa ne bai rage awo ba, kuma a ganina ya yi daidai.

Saura abu guda da mai albashi zai iya yi wanda Basarke ba zai iya ba. Shi ba ya jiran kifin nan don tuwon dare, saboda haka ba shi da hujjar kwashe 'yan ƙanana, balle ya zuba ido ana tace ruwa da gidan sauro ko ana zuba guba. Kuma ruwan Shagari ba abin wasa ba ne: a watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana, aka rasa rai 29, akasarinsu yara da matasa. Don haka, mai karatu, in kana cikin masu ɗaukar fatsa ranar hutu, ka sa rigar ruwa a cikin lissafinka kafin ƙugiya. In za ka shiga jirgi, ka ɗauki Basarken da ya san wurin, ka biya shi ladansa ba tare da ciniki mai tsanani ba. Ƙaramar karfasa kuma ka mayar da ita ruwa ta girma.