Kacala: Me Ya Sa Sara Da Ƙonawa Ba Sa Kashe Ta?

A ranin bara na raka kawuna lambunsa da ke wata fadama tsakanin Ƙaraye da Rogo. Magudanar da yake jawo ruwa zuwa fangalin tumatir da albasa ta cushe da kacala, har sai da ƙyar ruwan yake wucewa. Ya ce sau uku yana sa yara su sare ta, sau ɗaya kuma ya banka mata wuta, amma kowane karo sai ta dawo ta fi da kauri. "Kai ɗana, ku da kuka yi boko," in ji shi, "wannan ciyawa aljana ce ko kuwa?" Ba aljana ba ce. Inda ake kai mata sara ne ba nan ranta yake ba.

Kacala, wadda wasu ke kira shalla, masana tsirrai kuma Typha domingensis, ita ce doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa mai fitar da kai kamar zangarniyar gero. Tsayinta kan kai mita 3 ko fiye. To amma abin da ido ke gani rabin labarin ne. Ƙarƙashin laka akwai wani kara mai kauri da ke tafiya a kwance, irin na citta ko na tofa. A cikinsa take ajiye abincinta na sitaci, kuma daga gaɓoɓinsa sabbin tsirrai ke ɓullowa. Wato idan ka hangi kacala ta cika fili, ba lallai tsirrai dubu ne daban-daban ba. Yawancinsu jiki ɗaya ne mai kawuna da yawa. Ka sare ganye, ka yi mata aski ne kawai. Ka ƙone ta, wutar ba ta ratsa jiƙaƙƙiyar laka, sai ma ka share mata fili rana ta samu sabbin tohon, ga toka ta zama taki.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan. Wasu kan sa tarakta ko garma su daddatse wurin alhali ƙasa na da danshi. Kowane guntun karan da ke ɗauke da ido zai iya zama sabuwar uwa. Masu kiwon halittun teku a akwatin gilashi a Turai da Amurka sun san irin wannan ciwon kai da wasu ƙananan dabbobi dangin murjani da ake kira zowantid: suna shimfiɗuwa kan dutse a manne da juna, in aka kankare aka bar ɗan ɓurɓushi sai ya sake mamaye wurin. Halittar da ke yaɗuwa ta hanyar tsawaita jikinta, gutsuttsura ta ba kisa ba ne, shuka ce.

To ina lagonta yake? A numfashi.

Lakar da ruwa ya kwanta a kai kusan babu iskar oksijin a cikinta, saiwa kuwa tana bukatar iskar kamar yadda ni da kai muke bukata. Shi ya sa masara ke yin rawaya ta mutu idan ruwa ya daɗe a gona. Kacala ta warware wannan matsala da wata dabara. In ka samu ganyenta, ka yanka shi a gicciye ka duba: za ka ga cikinsa ramuka ne jere kamar soso. Waɗannan ramuka bututu ne da suka haɗe tun daga tsinin ganye har cikin karan da ke laka. Iska na shiga ta sabbin ganye, ta gangara ƙasa, ta fita ta tsofaffi da busassun kara. Kenan hatta busasshen karan da ka gani tsaye ka ɗauka ya mutu, aiki yake yi, shi ne hancin da ke saman ruwa.

Ka ga dalilin da saran yaran kawu bai yi komai ba. Suna sarewa ne sama da ruwa, kututturen na tsaye a waje yana shaƙar iska. Da a ƙarƙashin ruwa suka yanke, yadda ruwa zai rufe bakin kututturen da kamar taƙi ɗaya ko fiye, da sun toshe bututun. Daga nan karan ƙasa sai ya koma ƙona sitacinsa ba tare da iska ba, hanyar da ke cin abinci da yawa ta ba da ƙarfi kaɗan, ta kuma tara masa guba a jiki. Zai yi ƙoƙarin turo sabon ganye ya leƙo sama. In ya leƙo, a sake yankewa. Yawanci sai an maimaita sau biyu ko uku a shekara kafin rumbun ya ƙare, kuma dole ruwan ya ci gaba da rufe kututturen makonni, kuma a yanke har da busassun kara, kada a bar mata hanci ko ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa da yankan farko shi ne sa'ad da ta fara fitar da kai, don a lokacin ta kwashe yawancin ajiyarta ta zuba a ganye da fure.

Inda ruwa bai da zurfin da zai rufe kututture, kamar ƙaramar magudanar lambu, sai a bi ta ɗaya gefen: a datse ruwan, a bar laka ta bushe ta tsage, a tono karan a baza a rana, a kwashe shi daga bakin ruwa. Ko dai a nutsar da ita, ko a busar da ita. Tsaka-tsakin nan, ruwa iya gwiwa ko ƙugu da ba ya ƙafewa, shi ne gidanta.

Wannan kuma shi ya kawo mu ga tambayar da ta fi girma: me ya sa kakanninmu ba su yi fama da ita haka ba, alhali ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan? A da, kogi kan cika da damina ya ƙafe da rani, kuma wannan ƙafewar ke taka mata burki. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Calawa da ke ƙaramar hukumar Ƙaraye kuma a 1992. Kogin Kano da na Calawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, don haka tun daga lokacin ruwan da ake saki daga dam-dam ɗin ya sa kogin gudu har da rani. Mu nan sama mun samu noman rani da kamun kifi, birnin Kano ya samu ruwan sha. Can ƙasa, a dausayin Haɗeja da Nguru, kacala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ya malale wasu gonaki da garuruwa yayin da wasu wuraren suka rasa shi. Ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Haka ta faru a Kogin Senegal bayan gina dam ɗin Diyama a 1986. Ban faɗi wannan don a tsine wa dam ba. Amma duk wanda ya tsayar da ruwa wuri ɗaya shekara guda, ko dam ne ko kududdufin bayan gida, ya aika wa kacala goron gayyata.

Takin zamani ma na da hannu. Abin da ya zurare daga fangali ya shiga magudana, musamman sinadarin fosfaras, kacala ta fi sauran ciyayin ruwa iya cin moriyarsa. A dausayin Ebagiles na jihar Fulorida a Amurka, ruwan da ke fitowa daga gonakin rake ne ya ba ta damar kore ciyawar asali a wurare masu faɗi.

Maganin feshi fa? Yana kashe ta, tunda irin su gilaifoset na bin jiki har ƙasa. Ni dai ban ba kawu wannan shawara ba. Ruwan nan shi shanu ke sha, a cikinsa yara ke wanka, kuma wasu sinadaran da ake haɗa maganin da su na cutar da kifi da kwaɗi. Wanda zai shiga yanka kuma ya nemi dogon takalmin roba, saboda tsargiya da macizai.

Abin da aka yanko ba asara ba ne. Ana jinka da asabari da shi, a Senegal da Muritaniya ana yin gawayi da shi, kuma masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da abokan aikinsu sun gwada sarrafa shi ya zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki.

Kawu ya datse magudanarsa bayan ya kwashe albasa, ya tono abin da ya iya. Bana ruwa na wucewa. Sai dai kai ɗaya na kacala na ɗauke da 'ya'ya sama da 100,000, masu gashi kamar audugar rimi, iska na kai su nesa, kuma ba abin da suke bukata illa jiƙaƙƙiyar laka da hasken rana. Maƙwabcinsa na yamma bai taɓa tasa ba, ga ta nan ta yi kai. Yanzu maganar da kawu ke yi ita ce yadda za su haɗa gayya kafin kan ya fashe.