Ba dam ɗin Lagdo ke cinye gidajen Gwaram ba

Da zarar watan Agusta ya kama, sai saƙon nan ya fara yawo a WhatsApp: Kamaru ta buɗe dam ɗin Lagdo, kowa ya yi ta kansa. A Birnin Kudu da Gwaram har a majalisa ake tattauna shi. Alhali ruwan Lagdo Kogin Binuwai yake bi, ya ratsa Yola da Makurɗi, ko kusa da Jigawa ba ya zuwa. Na dam ɗin Tiga da Challawa kuwa Kogin Haɗeja suke nufa, can wajen Ringim da Auyo.

Ruwan da ke yi wa Gwaram ɓarna daga tuddan Jos da Bauchi yake gangarowa ta Kogin Bunga, wanda ke zama Kogin Jama'are a gaba. Ana iya kwana sama garau a garin, a wayi gari kogi ya cika ya batse. Babu wata sanarwar buɗe dam da za ta riga shi zuwa.

A Agustan 2021 ruwa ya karya gadar Raɗabi a hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta afka, mutum 21 suka rasu. Direbobi na raina ruwa mai gudu, amma wanda ya kai gwiwa na iya ɗaga ƙaramar mota kamar ƙwarya.

A cikin gari kuma katangar ƙasa ce abar tsoro. Tana shan ruwa ta gindi kwana da kwanaki, sannan ta rufta, sau da yawa cikin dare, a kan yara. Magidanci mai lura tun bazara yake yin yaɓe, ya gyara indararo, ya yashe kwata. Idan bango ya tsage ko ya jiƙe har ciki, a bar kwana a ɗakin. Hatsi a ɗora kan dakali, takardun gona da katin ɗan ƙasa a ƙulle a leda, kowa a gidan ya san tudun da za a nufa. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, sai an tafasa ruwanta, don ta nan amai da gudawa ke shigowa.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, amma ba kasafai yake isa kunnen manomi ba. Tallafin tabarma da buhun shinkafa ne ke isowa, bayan gida ya riga ya faɗi. Masu unguwanni da limamai su nemi hasashen nan, su sanar da shi ranar Juma'a kafin ruwan fari.